Uwar maƙerar masu takalmin doki

Uwar maƙerar masu takalmin doki nau'in uwar maƙera ce da aka tsara domin lanƙwasa takalmin ƙarfe ya dace da kofaton doki. An fi amfani da ita a Turai da Amurka, inda sana'ar yi wa doki takalmi ta rabu da ƙira ta gama-gari. A Birtaniya, dokar 1975 ta taƙaita sa wa doki takalmi ga masu rajista.

Bambancinta da ta sauran maƙera ya samo asali daga yanayin aikin. Maƙeri na gama-gari yana dukan ƙarfe mai kauri da masaba, don haka yake buƙatar nauyi ya taru a ƙarƙashin fuskar da ake duka. Mai takalmi kuwa siririn ƙarfe yake juyawa, kuma yakan ɗauki kayansa a mota zuwa bargar dawaki. Saboda haka uwar maƙerarsa ba ta cika wuce kilo 70 ba, ƙugunta siriri ne, ƙahonta kuma babba ne mai kumburi. Sau da yawa tana da ɗan tudu a gindin ƙahon domin fitar da harshen da ke riƙe kofato, da ramuka biyu na huda gurbin ƙusa. Wasu na ganin bambancin bai taka kara ya karya ba, tunda maƙeran ƙauye sun daɗe suna ƙera takalmi a kan uwar maƙera ta gama-gari. Hakan gaskiya ne, sai dai akasinsa ba ya yiwuwa cikin sauƙi: duka mai ƙarfi yana iya tsaga siririyar wutsiyar uwar maƙerar masu takalmi.