Waƙafi da Ciniki: Makomar Littattafan Rubutun Hannu na Madina a Ƙarni na 19

Tarihin littafin rubutun hannu bai ƙare ranar da marubuci ya ajiye alƙalami ba. Bayan nan sai littafin ya shiga hannuwa, ko ta gado, ko ta saye, ko ta kyauta. Masu bin diddigin littattafan Girkanci na dā sun san muhimmancin wannan: kyautar da Kadinal Bessarion ya yi wa birnin Venice a 1468 ta killace ɗaruruwan littattafai wuri guda, har suka zama tushen ɗakin karatu na Marciana. Madina ma tana da irin wannan labari, amma ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce waƙafi. Ahmad Arif Hikmat (1786–1859), wanda ya taɓa yin alƙalancin Madina kafin ya zama Shaihul Islam na Daular Usmaniyya, ya kafa ɗakin karatu kusa da Masallacin Annabi a 1853, ya kuma yi waƙafin dubban littattafansa. Hukuncin waƙafi ya hana sayarwa da rabon gado, saboda haka tarin bai watse a kasuwa ba. A yau yana cikin Cibiyar Sarki Abdul'aziz ta Ɗakunan Karatu na Waƙafi a Madina.

Fuska ta biyu ita ce ciniki. A 1883 malami kuma mai fataucin littattafai, Amin ɗan Hasan al-Madani, ya isa ƙasar Holan da littattafai masu yawa. Kamfanin Brill ya saya, Carlo Landberg ya tsara jerinsu a wannan shekara, sannan fiye da 600 suka shiga ɗakin karatu na Jami'ar Leiden. Wani kaso da ya bi ta hannun Brill kuma, Robert Garrett ya saye shi a 1900, ya mallaka wa Jami'ar Princeton ta Amurka a 1942.

Taken jerin Landberg ya jingina littattafan ga wani ɗakin karatu na mutum ɗaya a Madina. Sai dai wannan bayani ne game da mai su na ƙarshe kawai, alhali ɗan kasuwa yakan tara kayansa daga garuruwa dabam-dabam. Hujjar gaskiya tana jikin kowane littafi: bayanin mallaka a shafin farko, hatimin waƙafi, shaidar karatu a gaban malami, da sunan mai kwafa tare da kwanan wata a ƙarshe. Ko sunan da sabon mai shi ya kankare, gurbinsa shaida ne.

Wannan darasi ya shafi zauruka da gidajen malamai a Kano, Katsina da Sakkwato. Duk kundin da aka ɗauki hoton matuninsa aka bar bango da gefen shafi, an adana karatun cikinsa, amma an zubar da sunayen waɗanda suka riƙe shi har ya iso.