Insha'in Muhawara: Sassansa da Yadda Ake Gina Shi

Insha'in muhawara rubutu ne da mutum yake ɗaukar matsayi a kan batun da ake saɓani a kai, sa'an nan ya kawo dalilai domin ya rinjayi mai karatu. Ya bambanta da insha'in bayani, wanda aikinsa fayyace yadda abu yake. Ɗalibai sukan gamu da shi a jarrabawar WAEC da NECO, amma amfaninsa bai tsaya nan ba. Duk wanda ya rubuta wa kwamiti takarda yana neman a sāke wata shawara, muhawara yake yi. Idan takardar ba ta ginu ba, za a ajiye ta gefe ko da gaskiya tana wurinsa.

Abu na farko shi ne matsayi. “Koyarwa da harshen uwa” kan magana ne kawai. “Ya kamata a koyar da yaran firamare da harshen da suke ji a gida” matsayi ne, gama mai hankali zai iya ƙin yarda. Wannan ne gwajin: idan ba wanda zai musa, ba abin muhawara. Ka rubuta matsayinka cikin jimla ɗaya, ka sa ta a ƙarshen gabatarwa. Gabatarwar kanta kada ta yi tsawo. Layi huɗu ko biyar sun isa su nuna dalilin da ya sa batun ya shafi mai karatu.

Daga nan sai gangar jikin rubutun. Kowane sakin layi ya ɗauki dalili guda. Wani masani ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya nuna a shekarar 1958 cewa ƙashin bayan hujja abu uku ne: abin da kake iƙirari, shaidar da ka dogara da ita, da mahaɗin da ya nuna yadda shaidar ta kai ga iƙirarin. Na ukun ne yawancin ɗalibai suke mantawa. Sukan jera shaida su wuce, su bar mai karatu ya haɗa da kansa.

Ga misali. Iƙirari: yaro ya fi gane darasi da harshensa. Shaida: a shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka soma wani gwaji, inda aka koyar da wasu yara da Yarabanci dukan shekaru shida na firamare, Turanci kuwa ya zama darasi ɗaya cikin darussa. Yaran sun yi ƙoƙari a karatunsu, ba su kuma faɗi baya a Turanci ba. Mahaɗi: tun da babban tsoron iyaye shi ne lalacewar Turanci, gwajin ya nuna ana iya kauce wa wannan. Amma ka lura, a Ife an horar da malamai, an kuma rubuta littattafai musamman domin aikin. Marubuci mai gaskiya zai faɗi haka. Kada ka ɗora wa shaida kayan da ya fi ƙarfinta.

Sashen da, a ganina, yake bambanta gwani da ɗan koyo shi ne amsa wa abokin hamayya. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, yakan fara kowace tambaya da jera hujjojin waɗanda ba su yarda da shi ba, ya faɗi nasa, sa'an nan ya koma ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ka yi koyi da shi, ka kuma zaɓi hujjarsu mafi ƙarfi. A misalinmu za a ce: a aji guda a Jos ko Kaduna akwai yara masu harsuna dabam dabam, da na wa za a koyar? Tambaya ce mai nauyi. Za ka iya amsawa cewa tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ba da dama a yi amfani da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Wataƙila ma ka rage faɗin matsayinka, ka ce shekarun farko kaɗai. Wannan ba kāsawa ba ce.

Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Almasihu, Aristotil ya ce abu uku ke rinjayar mai sauraro: halin mai magana, motsa zuciya, da dalili. A rubuce, halinka yana bayyana ta yadda ka bi da abokin hamayya. Zagi yana zubar da shi nan take. Haka nan “kowa ya sani” ba shaida ba ce. Karin magana ma, duk daɗinta, ado ce, gama kusan kowace tana da wadda ke warware ta.

A kammalawa kada ka shigo da sabuwar hujja. Ka maimaita matsayinka da wasu kalmomi, tare da gyaran da muhawarar ta sa ka yi masa, sa'an nan ka faɗi abin da kake so a aikata da wanda zai aikata shi: shugaban makaranta, ko iyaye, ko hukumar ilimi.