Mace Mai Bin Diddigi a Ƙagaggen Labari da Matsayinta a Idon Mai Karatun Hausa

Abin da ake nufi da labarin bin diddigi a wannan maƙala shi ne irin ƙagaggen labarin nan wanda ake buɗe shi da wani laifi da aka aikata a ɓoye, kamar kisan kai ko sata ko ɓatan mutum, sa'an nan a kawo wani tauraro da zai yi ta tambaya da auna hujjoji har ya kai ga mai laifin. Daɗin labarin yana cikin jahiltar da aka yi wa mai karatu, domin kuwa shi da tauraron tare suke lalube. Manazarta sukan ɗauki gajeren labarin da Edgar Allan Poe ya buga a Amurka a 1841 a matsayin tushen wannan reshe, kafin Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a Ingila a 1887.

Mace ba ta daɗe ba ta shigo fagen. Tun 1856 kamfanin Pinkerton na Shikago ya ɗauki Kate Warne aikin bincike, kuma a 1864 aka buga wani littafi a Landan mai suna The Female Detective. To amma macen da ta buɗe ofis, ta rataya allo, take karɓar lada don ta binciko wa mutane gaskiya, ba ta kafu sosai a adabi ba sai a 1972, lokacin da P. D. James ta fito da Cordelia Gray a littafin An Unsuitable Job for a Woman. Sunan littafin kansa ya ɗauko bakin jama'a, watau cewa wannan ba aikin mace ba ne. Shekara goma bayan haka, a 1982, Sara Paretsky da Sue Grafton suka fito da nasu taurarin a Amurka. Masu saye sun karɓe su hannu biyu, amma masu sharhi a jaridu sun fi karkata ga littattafan maza, abin da ya sa Paretsky da wasu marubuta suka kafa ƙungiyar Sisters in Crime a ƙarshen shekarun 1980. Ashe ko a can ɗin ma, abin da mai saye ya gani daban, abin da mai sharhi ya gani daban.

Ɓarawo kafin mai bincike

Idan aka dawo gida, abu na farko da za a lura da shi shi ne, rubutun zube na Hausa ya san laifi tun ranar da aka haife shi, amma ta fuskar mai laifin ya san shi. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Sunan ya yi kama da na mai bincike, amma mai karatu tare da ɓarawo yake tafiya. Jiki Magayi na John Tafida da East ya fi kusa da labarin asiri, tun da akwai ɓoyayyen dalilin da ya mayar da Kyauta ɓarawo har ya kashe mahaifinsa, Malam Shehu. Sai dai mai karatu ya san dalilin tun farko, ya ga lokacin da Abubakar ya tafi neman sihirin ramuwa. Ba a bar masa tambayar wane ne ya aikata ba. Abin da yake jira shi ne ranar da alhaki zai kama mai shi.

Wannan zubi ya daɗe. Da'u Fataken Dare na Tanko Zango da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura duk a kan wannan turba suka bi, haka kuma Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya bi yaron ƙauye zuwa birni har ya faɗa hannun miyagu. A nan ya kamata a ɗan tsaya a lura da rawar da ƙasar Katsina ta taka. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta buga littattafan gasarta a 1982, biyu daga cikin waɗanda suka fi jan hankali na Katsinawa ne: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona harkar fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya kawo Mailoma da gungunsa masu bindiga. Ba abin mamaki ba ne ƙasar da take bakin iyaka ta haifi irin waɗannan littattafai. Amma ko a cikinsu, hukuma daga baya take zuwa, kuma nauyin labarin a kan mugu yake.

Maƙwabta sun bi wata hanyar. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya fito da Bwana Msa a littafin Mzimu wa Watu wa Kale a 1960, ya zama mai bincike na farko da ya shahara a Suwahili. A ƙasar Yarbawa, Oladejo Okediji ya fito da Lapade, tsohon ɗan sanda, a 1969, Kola Akinlade kuma ya biyo da Akin Olusina. Ɗaliban sakandare na Arewa ba su jahilci irin wannan labari ba, domin a shekarun 1970 da 1980 sun sha karanta James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda Mohammed Sule na Kano yana cikin marubutansa na farko. Abin da suka ɗauko daga nan ya fito daga baya a rubutun irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih, inda ake samun farauta da makirci da 'yan sandan ciki. Sun ɗauko gudu da bindiga fiye da yadda suka ɗauko zaman auna hujja.

Dalilin haka yana da alaƙa da yadda Bahaushe ya san ana gano laifi. A gaban alƙali, shaidu da iƙirari da rantsuwa su ne ginshiƙai. A ƙauye kuwa, idan an yi sata, akwai masu bin sawu, akwai mai unguwa da dagaci, akwai kuma mai duba ga wanda ya yarda da shi. Dogarai da 'yan doka na En'e aikinsu kamu ne, har zuwa lokacin da aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Mutumin da ba sarki ya aiko shi ba, ba alƙali ba, ba kuma shi aka yi wa laifin ba, amma yake bin gida gida yana tambaya, harshen Hausa yana da sunaye da yawa da yake ba shi, kuma ba ko ɗaya na yabo: ɗan sa-ido, mai shisshigi, magulmaci. Idan namiji ya sha wannan suna, ina ga mace?

Hukuncin masu karatu a kan tauraruwa

Tarihi ya riga ya nuna yadda masu karatun Hausa suke karɓar tauraruwa mai ƙarfin hali, ko da ba mai bincike ba ce. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980, shi ya buɗe wa mata ƙofa. Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A na ƙarshen, an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta ƙara faɗaɗa wannan fage da matan da suka yi ilmi suka kama sana'a ba tare da sun rabu da addini ko aure ba.

Masu karatu sun kasu. Matan aure da 'yan mata sun saya, sun yi haya a shaguna, sun ara wa juna, sun kuma aika wa marubuta wasiƙu, tun da yawancin littattafan suna ɗauke da adireshin mai su. A ɗaya gefen, tun farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soki wannan rubutu a jaridar Nasiha, ya laƙaba masa sunan Adabin Kasuwar Kano, muhawarar da ta ci gaba a shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme yake kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare marubutan. Sukan malaman jami'a a kan inganci yake. Na iyaye da malaman addini kuwa a kan tarbiyya yake, kuma shi ne ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wanda ya duba muhawarar da kyau zai ga cewa ba a cika ƙin tauraruwa don ta yi wayo ba. Abin da ake tuhumarta da shi shi ne fita, da magana da wanda ba muharraminta ba, da ƙin bin umarnin na gaba. To waɗannan abubuwa uku su ne kayan aikin mai bin diddigi.

Duk da haka, kuskure ne a ce al'adar Hausa ba ta san mace mai gano asiri ba. Kulle ya raba gari gida biyu, kuma rabin da namiji baƙo ba ya shiga, mace ce take da labarinsa. Dillaliya ta san gidan da aka sayar da kwalla a ɓoye da dalilin sayar da ita. Ungozoma ta san watan da aka haifi kowane yaro. Jakadiya ita ce kunnen sarki a cikin gida. Fiƙihun Malikiyya ma ya karɓi shaidar mata biyu su kaɗai a kan abin da maza ba sa gani, kamar haihuwa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna irin zurfin sanin da tsohuwa take da shi game da aure da saki da sace mutane da fansarsu a ƙasar Zazzau. Wannan ne ya sa tauraruwar da ta fi kusa da hankalin Bahaushe ita ce Mma Ramotswe ta Alexander McCall Smith, wadda ta fito a 1998: bazawara ce mai jiki, ta sayar da shanun gadon mahaifinta ta buɗe ofis a Gaborone ta ƙasar Botsuwana, kuma yawancin ƙararrakinta na mijin da ya ɓace ne da ɗan damfara da yaron da aka sace. Miliyoyin mutane sun karanta ta, ko da yake wasu masu sharhi sun ce Bature ne ya zana Afirka mai daɗi fiye da kima. Kwei Quartey ya kawo Emma Djan ta Ghana a 2020, wadda duniyarta ta fi tsanani.

Batsari da Safana

Duk wannan bayani yana ɗaukar wata fuska idan aka kai shi yammacin Jihar Katsina. Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, da Safana, ƙasar Yariman Katsina, suna gefen Dajin Rugu wanda ya haɗa Katsina da Zamfara. Karatun boko na Hausa ya shiga irin waɗannan ƙasashe ta Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, lokacin da hukumar NORLA take buga wa lardin Katsina jaridar Himma, sa'an nan shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976 ya ninka masu iya karatu, mata da maza. 'Ya'yan wannan shiri ne suka zama kasuwar littattafan Kano da Funtuwa, jikokinsa kuma su ne suke karanta labarai a wayar hannu.

Satar shanu da ta addabi yankin ta rikiɗe ta koma kisa da garkuwa da mutane. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi zaman sulhu da 'yan bindiga a 2019, bai ɗore ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, a 2025 kuma al'ummomin yankin suka sake ƙulla sulhu da 'yan daji.

Labarin bin diddigi na Turawa ya dogara ne a kan abubuwa biyu: ba a san mai laifi ba, kuma da zarar an san shi akwai hukumar da za ta kama shi. A bakin Rugu abin ya juye. Sau da yawa an san sunan jagoran daba, an san dajin da yake, shi da kansa yake bugo waya ya faɗi kuɗin fansa. Asirin da ya rage a ɓoye shi ne na cikin gari, watau wane ne ya ba da labarin cewa wane ya sayar da hatsi ko ya karɓi kuɗi. Kalmar infoma ta shiga bakin jama'a da wannan ma'ana, kuma zarginta kaɗai ya isa ya jawo wa mutum halaka. A irin wannan wuri, matar da take yawan tambaya tana tsakanin wuta biyu: 'yan daji su ɗauke ta 'yar rahoton hukuma, 'yan gari su ɗauke ta 'yar rahoton daji. Marubucin da ya ɗauko Cordelia Gray ya canza mata suna ya sauke ta a Runka ko Ruma zai ba mai karatu dariya ne kawai, domin mai karatun ya fi shi sanin abin da tambaya take jawowa.

Wadda za a gaskata ita ce wadda take da dalilin shiga gidaje tun asali, dillaliya ko ungozoma ko ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ko kuma uwar da take tara kuɗin fansar ɗanta ta fara lura da wanda ya san adadin kafin ta faɗa. Matan da za su rubuta ta ma akwai su. Gasar Hikayata ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, 'yar Jihar Katsina ce, Aisha Muhammad Sabitu, ta fara lashe ta da labarin Sansani, wanda ya duba rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Wahalar da take gaban marubuciyar tana babin ƙarshe, inda tauraruwar za ta riga ta san sunan infoman, ta kuma san cewa ɗan maƙwabciyarta ne, sa'an nan ta zaɓi wanda za ta faɗa wa tsakanin mai unguwa da 'yan sa-kai da ofishin 'yan sanda.