Daga Telemark zuwa Samaru

Tsoro ne ya haifi finafinan leƙen asiri irin na farautar makamin abokin gaba. A Disamba 1938 wasu masana biyu a Jamus, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka gano cewa ƙwayar yuraniyom tana tsagewa. Ba a cika shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Ingila da Amurka suka shiga zulumin kada Hitila ya riga su haɗa bam ɗin nukiliya. A nan Zariya labarin yaƙi ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo yake isowa, wadda aka fara bugawa a Janairu 1939, Abubakar Imam na editanta, sai kuma majigi. Maganar bam kuwa sirri ce, sai da aka jefa wa Hiroshima a 1945 duniya ta ji.

Abin da ya fi ba masu shirya fim abin faɗa ya faru ne a Nowe. Jamusawa sun mamaye masana'antar Vemork da ke yankin Telemark, inda ake tace ruwa mai nauyi, wanda bincikensu na nukiliya ya dogara a kai. A daren 27 ga Fabrairu 1943 mutum tara ƙarƙashin Joachim Rønneberg suka gangara wani kwazazzabo cikin ƙanƙara, suka hauro ta ɓangaren da masu gadi suka ɗauka ba ya hawuwa, suka bi layin dogo, suka dasa nakiya a ɗakin tacewa, suka sulale. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

To, wa zai sayi tikiti ya kalli aikin da ba a yi harbi ba? Shi ya sa da Anthony Mann ya fitar da The Heroes of Telemark a 1965, ya sa Kirk Douglas a gaba, ya ƙara masa artabu da soyayya, don mai kallo akta yake so ya ga ya gama da bos. A ganina fim ɗin da 'yan Nowe da Faransawa suka yi a 1948 ya fi shi gaskiya, tunda wasu daga cikin maharan su suka fito da kansu. Shi kuwa Hitchcock tun 1946 ya ɓoye yuraniyom cikin kwalaben giya a fim ɗinsa Notorious. Fim ɗin Operation Crossbow na 1965 kuma ya koma kan makaman V-1 da V-2.

Mutanen Samaru suna da nasu labarin yuraniyom, ko da yake ba kowa ya sani ba. A 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kunna 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, don bincike da koyarwa. Makamashinta kimanin kilo ɗaya ne na yuraniyom tatacce sosai, irin wanda ake fargabar ya faɗa hannun miyagu. A 2018 Najeriya da Amurka da Sin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya suka haɗa hannu aka cire shi, aka mayar da shi Sin ta jirgin sama, aka sa wa tukunyar wani mara ƙarfi wanda ba ya yin bam, ta ci gaba da aiki.