Giyar Inabi ta Afirka ta Kudu da Tsarin Dop

A ranar 2 ga Fabrairu, 1659 aka fara matse inabi a yankin Cape, ƙarƙashin Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin cinikayyar Holan. Gonar Groot Constantia da Simon van der Stel ya kafa a 1685 tana aiki har yau, kuma da gumin bayi aka raya ta.

Irin da ƙasar ke alfahari da shi shi ne Pinotage, wanda Abraham Perold na Jami'ar Stellenbosch ya samar a 1925 ta hanyar haɗa Pinot Noir da Cinsaut. Giyarsa ja ce mai kauri, akan sha ta da gasasshen nama. Chenin Blanc kuwa, wanda ya fi kowane iri yawa a gonaki, farar giyarsa ta fi dacewa da kifi da abinci mai yaji.

Abin da tallan yawon buɗe ido ba ya ambata shi ne tsarin dop, wato biyan ma'aikacin gona wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta shi a farkon shekarun 1960, amma bai gushe ba har shekarun 1990. Yankin na cikin wuraren da suka fi yawan jariran da shan giyar uwa ya naƙasa tun a ciki. Mafi yawan gonakin har yanzu na fararen fata ne.