Yadi 440: Tarihin Rabon Lafiya Tsakanin Bariki da Bakin Iyaka

Kowane Musulmi ya san ajali na Allah ne, babu mai gaggauta shi, babu mai jinkirta shi. Amma malamai sun karantar da mu cewa kowace mutuwa da sanadinta, kuma duk wanda ya bi sawun tarihi zai tarar sanadin nan bai rabu daidai tsakanin unguwa da unguwa ba, balle tsakanin birni da gari irin namu na bakin iyaka.

Abin ya samo tushe tun zamanin Turawa. Bayan da aka gano a 1897 cewa sauro ne ke kawo masassara, sai masu mulki suka ɗauka maganin abin shi ne su nisanci baƙar fata. A ƙarƙashin dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka keɓe wa Turawa unguwarsu, aka bar fili na yadi 440 tsakaninta da gidajen talakawa, wai don kada sauron da ya ciji ɗan talaka ya kai ga Bature. Abin dariya, kuku da boyi a bayan gidan Baturen suke kwana. To amma magudanar ruwa da famfo da likita duk can suka fara sauka. Da Turawa suka tafi a 1960, manyanmu suka gaji gidajen, suka gaji tazarar.

Mu kuwa mutanen Illela, tamu tazarar ba ta yadi ba ce. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su suka shata layin da ya raba mu da 'yan'uwanmu na Birnin Ƙwanni, muka zama ƙarshen wata ƙasa, su ma ƙarshen wata. Tsakaninmu da Sakkwato, inda manyan asibitoci suke, fiye da kilomita 80 ne. Ba mamaki da mishan suka buɗe asibitin Galmi a 1950, gabas da Ƙwanni, mutanen wannan ɓangare suka riƙa ƙetarawa neman magani. Shi ya sa rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, bai tsaya kan 'yan kasuwar Lahadi kaɗai ba. Ya shafi majinyaci.

Wanda ya yi wayo a 1996 ba zai manta da sanƙarau ba. A shekarar, mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Cuta ce mai son zafin bazara da ƙura da ɗaki mai cunkoso, tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ke nan wanda ke kusa da allura ya fi mai neman motar haya damar tsira. Ta sake dawowa a 2017, ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato.

Ga alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018. Cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. A karkara 157 ne, a birane 92. A Kabi 252, a Ogun 30. A jiharmu ta Sakkwato, kashi 5 cikin 100 kacal na yara suka sami cikakken rigakafi na farko, alhali a Anambra kashi 76 ne.

Kada wannan 92 ta ruɗe mu, mu da muke zaune a Sakkwato, Kano, Kaduna da Abuja. Lissafi ne da ya cakuɗa ɗan babban sakatare da ɗan mai ga-ruwa. Binciken da kansa ya nuna a gidajen da suka fi talauci yara 173 ke rasuwa, a gidajen masu hali 53. A ganina wannan ce ainihin iyakar, ta fi ta kwastan wuyar ƙetarewa. Ɗan garinmu da ya zo cin rani ya zarce, ya kama ɗaki ɗaya a bayan gari kusa da kwata, yana sayen ruwa jarka-jarka, yana iya hango asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga bakin titi, amma kuɗin kati da na gwaji su mayar da shi kemis.

A cikin birnin Sakkwato ɗin nan aka buɗe asibitin yara masu cutar noma a 1999, wato ciwon da ke cin baki da kumatu. Yunwa da ƙyanda da rashin tsabtar baki ke share masa hanya, kuma idan an gano shi da wuri, magani mai sauƙin kuɗi yana tsayar da shi. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yawancin yaran da ake kawowa daga ƙauyuka suke, kuma sukan iso ne bayan ciwon ya riga ya huda kunci.