Girkin tari a Goudji: abin da ke jure ajiya da abin da ba ya kwana

Girkin tari shi ne a haɗa aikin abincin kwanaki a zama ɗaya, domin a rage kuɗin makamashi da yawan zuwa kasuwa. Inda lantarki ya wadata, dafawa ake yi a zuba a firji. A Goudji, unguwar da ke arewacin birnin N'Djamena, lissafin daban yake: wuta na yawan ɗaukewa, zafi kuma kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Don haka busassun kayan haɗi ake tarawa, dafaffen abinci kuwa ba ya wuce na yini.

Makamashi

Tun daga ƙarshen 2008 gwamnatin Chadi ta hana amfani da gawayin itace don yaƙi da hamada. Bayan buɗe matatar mai ta Djermaya a 2011, gidaje da dama sun koma ga gas, musamman tukunya mai kilo 6. Idan matatar ta tsaya don gyara, gas kan yi wuya, kamar yadda aka gani a 2019. Kowace kunnawa kuɗi ce, shi ya sa uwargida ke son wuta ɗaya ta yi aiki biyu ko uku.

Awo da kuɗi

Abin da Bakano ke kira mudu, ɗan Maraɗi ke kira tiya, a Chadi koro ake cewa, kuma koron gero kan kai wajen kilo biyu da rabi. Dalar Nijar, wato sefa 5, ita ce riyal a bakin 'yan kasuwar N'Djamena; riyal 100 ke nan sefa 500. Hatsi ya fi araha bayan kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sannan masakwa, wadda ake kira berbere, ta shigo a farkon shekara. Daga Yuni zuwa Satumba farashi ke tashi. Maƙwabtan da suka haɗa kuɗi suka sayi buhu a babbar kasuwar hatsi, Marché à mil, suka raba, sun fi mai awon kullum samun sauƙi.

Abin da ke jure ajiya

Garin tuwo, wanda Larabcin Chadi ke kira esh, ana iya niƙa na mako guda, a baza ya huce kafin a rufe, don ɗumin inji na sa shi tsami. Busasshiyar kuɓewa, wato daraba, da kuka da busasshen tumatir ana daka su a zuba a kwalaben da ba laima. Haka ma yaji, daddawa da kawal, wanda ake yi da ruɓaɓɓen ganyen tafasa.

Wajen nama akwai sharmut: a yanyanka shi siri-siri, a shanya ya bushe ƙarau, a daka. Cokali biyu ko uku sun isa su ba tukunyar miya ɗanɗano. Salanga, busasshen kifin kogunan Shari da Logon, da banda mai hayaƙi suna yin wannan aiki. Soyayyar gyaɗa kuma a niƙa ta, ta yi miya yau, ta yi kunu gobe.

Da waɗannan a hannu, miyar kuɓewa ko ta kuka ba ta cin wuta mai yawa.

Abin da ba ya kwana

Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya kasance a sanyi ƙasa da digiri 5, ko da zafi sama da 60, kuma a ɗumama shi sosai kafin a ci. Shinkafa ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke zuba guba a cikinta idan ta daɗe da hucewa, gubar kuma ɗumamawa ba ta kashe ta. Dafaffen wake, miyar ɗanyen kifi da duk abin da aka sa wa madara suna cikin wannan sahu.

Ɗumame tsohuwar dabara ce ta gidan Bahaushe, amma ya fi aminci lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. A yanka tuwon ƙanana, a tabbatar ya tafasa har ciki. A bazara, gara a rage yawan tuƙin dare. Yara ƙanana, masu juna biyu da tsofaffi su ne gudawa ta fi kayarwa, kuma kuɗin magani kan cinye abin da aka tsimi a gas.

Rage cin wuta

A jiƙa wake tun dare, a sa 'yar kanwa, ya nuna da wuri. A riƙa rufe tukunya. Shinkafa ko wake da suka tafasa ana iya sauke su, a naɗe tukunyar da bargo a cikin kwando, su ƙarasa da zafin kansu. Wanke hatsi, niƙa, daka da shanya kuwa a ware musu rana ɗaya a mako, sauran ranakun tuƙi da kaɗa miya kawai za su rage.